Tsohon Kwaɓi: Ma'anar Yisti a Idin Yahudawa da na Kirista

A farkon watan Afrilun 2022, ana saura 'yan kwanaki a shiga Idin Ƙetarewa na Yahudawa, wanda suke tunawa da fitar kakanninsu daga Masar, gwamnatin haɗin gwiwa ta Naftali Bennett a Isra'ila ta rasa rinjayenta a majalisa, kuma abin da aka ɗora wa laifin a bainar jama'a shi ne burodi. Ministan lafiya ne ya umarci asibitoci su bi hukuncin kotun ƙoli, su daina tare masu zuwa dubiya don sun riƙo abinci mai yisti a kwanakin idin. Sai 'yar majalisa Idit Silman, wadda ke jagorantar 'yan ƙawancen a zauren, ta ce ba da ita ba, ta fice. Kujerun gwamnati suka koma 60 cikin 120, zuwa ƙarshen Yuni kuma majalisar ta rushe. Ba burodin kaɗai ya kada su ba, da ma ɓaraka ta daɗe tana cin ƙawancen ta ciki. Amma a ce gutsuren burodi ne hujjar da za a fito da ita, jama'a kuma su gane ta, ai ka san abin ba ƙarami ba ne. Kiristoci ma sun taɓa yin tasu, wadda ta fi wannan zafi: a ƙarni na 11 cocin Rum da na Kustantiniya sun jefi juna da kalmar ɓata a kan ko a sa yisti a gurasar ibada ko kada a sa.

In ka tambayi dalili, amsar da za ka fi ji ita ce yisti alamar zunubi ne. Akwai gaskiya a ciki, sai dai guntuwa ce. Attaurar da ta ce a kore shi daga gida ita ce kuma ta ce a kawo shi wurin ibada bayan kwana 50. Linjilar da ta kira shi munafunci ita ce kuma ta kwatanta Mulkin Allah da shi. Wanda ya riƙe amsa ɗaya tak zai yi ta tuntuɓe da ayoyin da suka ƙi shiga cikinta.

Mu yau in an ce yisti, 'yar ledar kanti muke gani. Mutanen da aka saukar wa waɗannan dokoki ba su san ta ba, ba su ma san cewa wata ƙwayar halitta ce mai rai take aikin ba, sai a ƙarni na 19 Louis Pasteur da wasu masana suka tabbatar da haka. Abin da suka sani shi ne tsohon kwaɓi. Mace ta kwaɓa gari yau, ta gutsuri kaɗan ta ajiye, ya kwana ya yi tsami, gobe ta jefa shi cikin sabon kwaɓi ya tashe shi, kamar dai yadda mai nono kan zuba ragowar na jiya cikin madarar yau ta wayi gari kindirmo. Ke nan burodin kowane gida ɗan burodin jiya ne, na jiya kuma ɗan na shekaranjiya, haka har iya tunawar masu gidan. Duk ma'anonin da aka ɗora wa yisti daga nan suka tsiro. Abu ne da ya tsallako daga jiya, yana aiki a ɓoye ba a ganin hannunsa, kaɗan ɗinsa ya game tukunya, kuma girman da yake bai wa kwaɓi iska ce kawai.

Dokar tana cikin Littafin Fitowa sura ta 12. Kwana bakwai za a ci gurasa marar yisti, tun ranar farko a fitar da tsohon kwaɓi daga gidaje, wanda kuwa ya ci mai yisti a datse shi daga cikin jama'a. Sura ta 13 ta ƙara cewa ko ganinsa kada a yi a cikin iyakarsu. Dalilin da kowane yaron Bayahude ya haddace shi ne gaggawa: Banu Isra'ila sun bar Masar da dare tare da Annabi Musa, suka naɗe akusan kwaɓinsu a tufafi suka saɓa a kafaɗa tun bai tashi ba, a hanya suka toya shi haka nan. Musulmi ya san wannan fitar dare daga Alƙur'ani, ko da yake babu batun gurasa a can. Sai dai mai karatu da natsuwa zai lura cewa umarnin ya zo a aya ta 15, labarin gaggawar kuma sai a ta 34 da ta 39. An hana yistin tun kafin a yi saurin da aka ce shi ne sila. A ganina wannan ya nuna ba tuna sauri kaɗai ake nufi ba. Misirawa su ne gwanayen burodi mai tashi a wancan zamani, makiyaya kuwa irin su Ibrahim da Luɗu gurasar nan take suke toya wa baƙo. Wanda ya bar Masar bai ɗauko tsohon kwaɓinta ba, ya yanke igiyar da ta ɗaure abincinsa da gidan bauta. Wasu masana sun ƙara da cewa idin yana faɗowa a farkon girbin sha'ir, don haka ba a so a gauraya sabon hatsi da tsamin bara.

Ita kanta gurasar, wadda suke kira matza, fuska biyu gare ta. Littafin Maimaitawar Shari'a na cikin Attaura ya kira ta gurasar wahala, kuma a daren idi maigida kan ɗaga ta ya ce wannan ita ce gurasar talauci da kakanninmu suka ci a Masar, duk mai jin yunwa ya zo ya ci. Can gaba a daren kuma ita ce dai ake nunawa a matsayin shaidar 'yanci.

Yadda ake aiwatar da dokar ya cancanci a tsaya a kalle shi, domin a nan ake ganin nauyinta. Abin da aka haramta, wato hamez, shi ne ɗaya daga cikin hatsi biyar, alkama da sha'ir da wasu 'yan uwansu uku, idan ruwa ya taɓa shi aka bar shi har minti 18 ba a toya ba. Shi ya sa gidan gasa matza yake kamar filin tsere. Ana ɗebo ruwan tun jiya da yamma ya kwana ya huce, don ruwa mai ɗumi yana gaggauta tsami. Da an zuba shi a gari agogo ya fara. A murza, a shimfiɗa siriri, a bi shi da ƙarfe mai haƙora a huda shi ko'ina don kada ya kumbura, a wurga cikin tanderu mai tsananin zafi. In mintin ya cika, a tsaya a kankare tebur da hannuwa kafin a sake sabon zagaye, kada ɓurɓushin zagayen baya ya zama tsohon kwaɓi ga na gaba.

Abin lura, ba ƙwayar yisti kanta ake gudu ba. Ruwan inabin da ake shan kofi huɗu nasa a daren idin da ita ya nuna. Haɗuwar hatsi da ruwa da jinkiri ita ce matsalar. Talmud, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa, ma ya ce shinkafa da gero ba sa zama hamez, tsaminsu lalacewa ce ba tashi ba. Da wannan ƙa'ida wainar shinkafa zalla ba ta shiga haramcin asali ba. Yahudawan da suka fito daga Turai dai sun ɗora wa kansu al'adar ƙaurace wa shinkafa da wake da masara a makon, da yawa daga na ƙasashen Larabawa kuwa suna cin shinkafarsu hankali kwance.

A gida kuwa, makonni ake yi ana shara da goge-goge, har aljihun riga da ƙarƙashin kujerar mota. Daren 14 ga watan Nisan na kalandar Yahudawa, wato jajibirin idin, sai maigida ya kunna kyandir, ya riƙe gashin tsuntsu da cokalin katako, ya bi lungu-lungu yana nema. Tunda an riga an share gidan, a gidaje da yawa sai a ɓoye gutsure goma da gangan don kada neman ya tashi a banza, yara kuma su ne kan gaba wajen ɓoyewar. Washegari da hantsi a ƙona abin da aka samu, maigida ya furta da harshen Aramiya cewa duk hamez ɗin da ke hannunsa, wanda ya gani da wanda bai gani ba, ya zama kamar ƙurar ƙasa, ba nasa ba ne. Mai kanti ko mai sito da ba zai iya ƙona dukiyarsa ba sai ya sayar wa wanda ba Bayahude ba ta hannun malami, a rufe ɗakin, bayan idi a saye shi a dawo da shi. Hatta hamez ɗin gwamnatin Isra'ila haka ake yi da shi, kuma shekaru da dama wani Balarabe Musulmi daga garin Abu Gosh ne ke saye. Akwai Yahudawan da ke ganin wannan ciniki dabara ce kawai ta kewaye doka, kuma mai sukar bai rasa abin faɗa ba.

Fassarar da ta mayar da yisti halin zuciya tsohuwa ce. Filo, malamin Yahudawa na Iskandariya a ƙarni na farko, ya ce an hana shi a bagade ne saboda kumburinsa, wato kada mutum ya tunkari Allah yana hura hanci. Matza da burodi gari ɗaya ne da ruwa ɗaya, bambancinsu iska. A Talmud akwai addu'ar Rabbi Aleksandri, inda yake cewa Ubangiji ya san muna son aikata nufinsa, abin da ke hana mu shi ne yistin da ke cikin kwaɓi da danniyar masarautu. Masu sharhi suka ce yistin nan shi ne son zuciya mai ingiza mutum ga mummuna. Daga nan malaman wa'azi suka mayar da binciken kyandir binciken kai. Ba Yahudawa kaɗai ke da wannan ƙyama ba, marubucin Girka Fulutak ya ruwaito cewa babban limamin gunkin Jufita a Rum ba ya taɓa yisti, wai don daga ruɓa aka haife shi kuma ruɓar da kwaɓi yake yi. Littafin Firistoci sura ta 2 ya hana ƙona yisti ko zuma a bagade, ya kuma wajabta gishiri a kowace hadaya. Mai sa abu ya canza an hana, mai hana shi lalacewa an wajabta.

To, in shi ke nan labarin, da an haramta burodi har abada. Ba a yi ba. Mako ɗaya ne, kwana bakwai a Isra'ila, takwas ga mafi yawan mazauna waje. Littafin Firistocin nan dai, a sura ta 23, ya ce a ƙirga makonni bakwai, a rana ta 50, wato Idin Makonni, a kawo curi biyu na sabuwar alkama, ya kuma jaddada cewa da yisti za a toya su. Hadayar godiya a sura ta 7 ita ma tana tafe da gurasa mai yisti. Gaskiya ne ba a ƙona su a kan bagade, ɗaga su ake yi, sannan a ci. Amma dai an nema, kuma ba a neman ƙazanta a wurin ibada. Tsoffin malaman Yahudawa ma ba su ɗauki son zuciya a matsayin abin da za a kashe ba. Akwai maganarsu sananniya cewa ba don shi ba, da mutum bai gina gida ba, bai yi aure ba, bai haihu ba, bai yi fatauci ba. Ni dai abin da na fahimta shi ne idin ba ya yaƙi da tashin kwaɓi, yana tilasta a tsinke silsilar sau ɗaya a shekara a faro daga sabo. Yahudawan Maroko sun mayar da dawowar biki guda, Mimuna, a daren da idi ya ƙare, kuma a al'adance maƙwabtansu Musulmi ne kan kawo musu gari da man shanu da zuma, tunda gidajensu ba ko ƙwaya.

Kiristanci ya gaji wannan harshe gaba ɗaya, don mutanensa na farko Yahudawa ne masu share gida kowace shekara. A Linjilar Markus sura ta 8, Yesu yana cikin jirgin ruwa da almajiransa ya ce su yi hattara da yistin Farisiyawa da na Hirudus. Su kuwa curi ɗaya tak suka taho da shi, sai suka shiga gardama suna zaton faɗan mantuwar guzuri yake musu. Matiyu ya bayyana cewa koyarwar malaman ake nufi, Luka ya ce munafunci. Duka biyun abu ne mai shiga a ɓoye ya game jama'a.

Sai ga shi kuma a Matiyu 13 da Luka 13 ya ce Mulkin Allah kamar yisti ne da mace ta ɗauka ta ɓoye cikin mudu uku na gari har duka ya tashi. Mudun nan ba irin namu ba ne, garin ya haura kilo 20, abincin taron biki ne, kuma daidai yake da abin da Ibrahim ya ce Saratu ta kwaɓa wa baƙinsu a Littafin Farawa. Wasu masu tafsiri da suka kafe a kan yisti kullum mugu ne sun fassara misalin da cewa ɓarna ce za ta kutsa cikin ikkilisiya. Wannan tilasta wa aya ne. Yohanna Kirisostom tun a ƙarni na 4 ya karanta shi a miƙe: 'yan tsirarun manzanni ne da aka cusa cikin duniya su sauya ta. Halin da ya sa munafunci abin tsoro shi ne ya sa misalin ya yi aiki.

Wanda ya ɗaure batun da idin Kirista shi ne manzo Bulus, a wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa, wato Kiristocin birnin Korinti, sura ta 5. Wani a cikinsu yana zaune da matar ubansa, jama'a kuma suna ta fahariya ba su tsawata ba. Sai ya ce musu ɗan yisti yana game dukan curi, su fitar da tsohon don su zama sabon kwaɓi, gama an riga an yanka Ɗan Ragon Ƙetarewarsu, wato Almasihu a aƙidarsu. Ƙarfin maganar yana cikin tsarin idin. A shari'ar Yahudawa ana gama fitar da yisti kafin a yanka ragon hadayar idin. Bulus cewa yake rago ya riga ya faɗi ku kuwa ba ku yi shara ba, kun makara. Har yau ana karanta wannan wuri ko rera shi ranar Ista a coci-coci da yawa. Amma Kirista ba ya share kicin ɗinsa, ya mayar da sharar ta ɗabi'a. Ba da jimawa ba ma, a farkon ƙarni na 2, Ignatiyus na Antakiya ya rubuta wa mabiya su yar da tsohon yisti da ya yi tsami su koma ga sabon yisti, wanda ya ce shi ne Yesu Almasihu. Kalma ɗaya ta tsaya a ɓangarorin biyu.

Daga nan rigimar gurasar Jibin Ubangiji, wato ibadar da Kiristoci ke yi don tunawa da jibin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa, ta samo taki. Coci-cocin Gabas da burodi mai tashi suke yi. Na Yamma ma, a ra'ayin mafi yawan masana tarihi, haka suka fara, sai wajen ƙarni na 9 zuwa gaba marar yisti ya kankama, wanda ya zama farar 'yar faifan nan siririya da duk ɗan Katolika ya sani, a Rum yake ko a Kafanchan. A 1053 Liyo, babban bishop na Ohrid a ɓangaren Gabas, ya aika wasiƙa yana sukar al'adar, Mika'ilu Kerulariyus shugaban cocin Kustantiniya kuma ya rufe coci-cocin Latinawa, wato masu bin Rum, da ke birnin. Hujjar Girkawa ita ce gurasa marar yisti da gishiri matacciya ce, jiki ba rai, ba ta dace da wanda suka yi imani ya tashi daga matattu ba, kuma komawa ce ga shari'ar Yahudawa. Wannan zargi na ƙarshe an yi shi da kalamai na ƙiyayya ga Yahudawa da ba su da daɗin karantawa. Latinawa suka ce Yesu mai kiyaye shari'a ne, jibin ƙarshe kuwa na Idin Ƙetarewa ne, ina za a samu yisti a gidan? Matsalar ita ce kowa yana da Linjila a hannu. Matiyu da Markus da Luka sun nuna jibin na idi ne, Yohanna kuwa ya sa gicciyewar a ranar shiri, kafin a ci idin, wanda ke nufin a daren jibin ba a kai ga hana burodi ba.

Ranar 16 ga Yulin 1054 Kadinal Humbat ya shiga babban cocin Kustantiniya mai suna Hagia Sofiya ya ajiye takardar korar Kerulariyus a kan bagade, alhali Fafaroma Liyo na 9 da ya aiko shi ya rasu tun Afrilu. Su ma suka mayar da martani. Akwai manyan batutuwa a ƙasa, ikon Fafaroma da ƙarin da Yamma ta yi a kalmar shaidar bangaskiya, kuma rabuwar ba a rana ɗaya ta auku ba. Amma talaka ba ya bin muhawarar malamai, abin da aka sa masa a baki yake gani, shi ya sa gurasar ta fi komai tada jijiyar wuya. Taron Fulorens na 1439 ya yanke cewa duka biyun sun inganta, kowa ya bi al'adarsa, sai dai mutanen Gabas ba su karɓi sulhun taron ba. A 1965 Fafaroma Bulus na 6 da Atenagoras na Kustantiniya suka janye tsinuwar 1054, gurasar kowa kuma tana nan yadda take. A teburin gida kuwa babu gardama, Ista lokacin burodi mai tashi ne sosai, da ƙwai da man shanu bayan doguwar ƙauracewar azumi, kulic a Rasha, tsureki a Girka.

Rabon ma bai tsaya Gabas da Yamma cif ba. Armeniyawa 'yan Gabas ne amma marar yisti suke amfani da shi tun da daɗewa. Kibɗawan Masar suna sa yisti, kuma sun yarda alamar zunubi ne, sai suka ce zunubin da Almasihu ya ɗauka ne, wutar tanderu kuma ta kashe shi kamar yadda wahalarsa ta yi. Cocin Gabas ta Assuriyawa, mai tushe a Iraƙi da reshe a Indiya, ita ta kai abin ƙarshe. Suna da wani gari mai tsarki da suke kira Malka, wanda suka yi imani asalinsa gutsure ne daga gurasar jibin ƙarshe da manzo Yohanna ya adana. Kowace shekara, ranar Alhamis da ke gab da Ista, ana sabunta shi, a ƙara sabon gari da gishiri a kan ragowar tsohon, a rarraba wa coci-coci, firist kuma ya sa ɗan kaɗan a duk gurasar ibada da zai toya, tare da tsohon kwaɓi daga toyin baya. A lokacin shekarar da Bayahude ke ƙona abin da ya tsallako daga bara, su a wajen lokacin suke tabbatar da cewa nasu bai tsinke ba, har suna lissafa shi cikin sakramenti, wato manyan ibadu masu tsarki, guda bakwai na cocinsu.